Sunan Mamaci a Littafin Tela: Nazarin Wata Rigima da Aka Yi a Tahoua

Littattafan rubutu huɗu ne irin na 'yan lakwal, an cika su da ajami daga bango zuwa bango, ukun farko da biro shuɗi, na huɗun da ja. Mai su tela ne a nan Tahoua, yana gab da cika shekara 50. Kamar yawancin mazan Adar, ya yi zaman bida a Abijan, ya dawo da keken ɗinki da ciwon baya, ya buɗe shago. Abin da ya rubuta labarin shekara shida ne da ya yi yana almajiranci a wata makarantar allo ta cikin garin nan, tun yana ɗan shekara takwas. Ɗan yayarsa, wanda ya yi boko, shi ya riƙa juya ajamin yana zubawa a Facebook kashi-kashi, daga baya ya sa kawun nasa ya karanta da bakinsa, muryar ta shiga WhatsApp. Kafin azumi ya kama babu fadar shayin da ba a saurare ta ba. Har 'yan Tahoua da ke Abijan da Libiya suna turo wa na gida abin da daga gidan ya fita.

Ni ban shigo lamarin da niyyar bincike ba. Na yi shekaru ina koyarwa a ajin yaƙi da jahilci, yanzu kuma ina buga wa mutane takardu a kwamfuta, ina gyara musu ƙa'idar rubutu. Da yaron ya ga labarin ya karɓu, sai ya kawo mini littattafan, ya ce kawunsa na son a mayar da su littafi sosai, a kai maɗaba'a a Yamai. Na karɓa na fara aiki. Ban kai ƙarshen na biyu ba rigima ta tashi. A nan ba zan ambaci sunan kowa ba, ko na unguwa. Zan ce Tela, zan ce Marigayi, wato malamin da littafin ya kama suna. Wanda ya san su ya san su.

Labarin ya fara ne da yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsin da aka saba shigowa da shi ta Konni ya yanke. Damina ba ta yi ba, rumbu ya ƙare tun sanyi bai shigo ba. Mahaifin Tela ya rasa yadda zai yi da bakunan da ke gidansa, sai ya ɗora ɗansa na uku a bayan motar kaya daga ƙauyensu, ya kawo shi birni ya damƙa wa malam. Ya bar masa allo da ƙoƙo da tsohon bargo. Shafukan nan na farko su ne mafi kyau a littafin, kuma babu wanda ya yi jayayya da su: karatun asuba a gaban wutar kara, hayaƙi na sa ido hawaye, bara gida-gida a shekarar da masu gidan ma ba su ƙoshi ba, yadda kolo ke ɓoye ƙanzo a cikin riga kada titibiri ya ƙwace, wahalar haɗa kuɗin Laraba, da uwar ɗakin da ta riƙa ajiye masa fura a bayan randa.

Daga tsakiyar littafi na biyu harshen ya sauya. Ya ce Marigayi yana dukansu da dorina har fata ta tsage, a kan aya guda in ta ɓace. Ya ce da ya gudu ya nufi ƙauye aka kamo shi a tasha, Marigayi ya sa aka kira maƙeri aka buga masa mari, ya yi wata uku yana jan ƙarfe daga zaure zuwa bayan gida. A cikin marin nan yake, in ji shi, ranar da rediyon malam ya sanar da rasuwar Shugaba Seyni Kunce. Manya suna ta salati, shi kuwa abin da ke ransa ko za a kwance shi albarkacin makoki. Ya ce wani gardi yana tashinsa da dare ya kai shi ɗakin da ake ajiye buhuna. A nan bai rubuta fiye da layi biyar ba, kuma layi biyar ɗin sun isa. Sannan mafi nauyi: ya ce akwai wani yaro abokin kwanansa da Marigayi ya daka ranar Asabar ya mutu ranar Talata, aka binne shi da dare iyayensa ba su sani ba.

Babban ɗan Marigayi ne ya zo gidana bayan isha'i. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, mutum ne mai sanyin magana. Na miƙa masa kujera ya ƙi, ya zauna a tabarma, muka yi doguwar gaisuwa kamar babu komai. Sannan ya ce, "Malam, an ce littafin yana hannunka. Ni ban zo faɗa ba. Tambaya ɗaya gare ni: yaya wanda ke kabari zai kira maƙeri?" Ya zaro wata takarda daga leda, ta yi ja don tsufa. Takardar rabon gadon mahaifinsu ce da sa hannun alƙali, kuma kwanan watan da ke jikinta ya riga rasuwar Kunce da fiye da shekara guda. Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987 a wani asibiti a Faris, wannan ba abin gardama ba ne. In dai Tela yana cikin mari a ranar, to ba Marigayi ya sa shi ba.

Kashegari hoton takardar ya bi duk hanyar da muryar Tela ta bi. Gari ya rabu. Masu kare gidan Marigayi suna janyo aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, da hadisin da ya hana zagin matattu. Masu bayan Tela suna janyo aya ta 148 a Suratun Nisa'i, cewa Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Wani ƙanen mai hatsin, mai zafin kai, ya ce shi ƙara zai kai, kuma ba barazanar banza ba ce, domin dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka cire mata ɗauri a kan ɓata suna a 2022, an mayar mata da shi a watan Yuni na 2024. Abin da na lura da shi, yawancin masu ɗaga murya ba su saurari labarin har ƙarshe ba. Tsohuwar gardamarsu ta almajirci suka taso. Wanda ya tsani bara ya ɗauki Tela ya yi tuta da shi, yana tuna wa mutane gidan nan na Rigasa a Kaduna inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 a watan Satumba na 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda yake ganin ana yi wa karatun allo bi-ta-da-ƙulli ya ɗauki takardar gado ya ce shi ke nan, ramin ƙarya ƙurarre ne, duk littafin ƙage ne. Tela kansa da yaron da ya mutu suka ɓace a tsakiyar hayaniyar.

Wani abokina da ke koyarwa a jami'a a Yamai ne ya ce in nemi labarin wata mata 'yar ƙasar Ayalan, Kathy O'Beirne, kafin in yanke hukunci. A 2005 ta fitar da littafi mai suna Kathy's Story, inda ta ce mahaifinta ya azabtar da ita, an yi ta jefa ta daga wannan gidan tsare yara zuwa wancan, har ta kai ga ɗaya daga cikin gidajen wanki na Magdalin. Waɗannan gidaje ne da mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika ke gudanarwa, ana kulle 'yan mata da matan da al'umma ta ga sun jawo abin kunya, suna wanki da guga ba albashi. Littafin ya sayu ƙwarai a Ayalan da Ingila. Sai matan cocin suka ce sunanta ba ya cikin rajistar gidajen wankinsu. A 2006 wasu daga cikin 'yan'uwanta na jini suka fito gaban 'yan jarida suka ƙaryata abin da ta faɗa game da mahaifinsu. A 2007 wani ɗan jarida, Hermann Kelly, ya rubuta littafi guda yana warware labarin nata. Ita kuwa ta tsaya a kan maganarta.

Abin da ya sa abokin nawa ya turo ni can ba wannan ba ne, abin da ya biyo baya ne. A watan Mayu na 2009 kwamitin da gwamnatin Ayalan ta kafa, wanda mai shari'a Ryan ke shugabanta a lokacin, ya fitar da rahotonsa bayan aikin shekara tara, ya tabbatar da duka da yunwa da lalata da yara a makarantu da gidajen marayun da ƙungiyoyin coci suka riƙe. A watan Fabrairu na 2013 wani rahoton ya ce mata wajen 10,000 ne suka ratsa gidajen wankin tsakanin 1922 da 1996, shekarar da aka rufe na ƙarshe, kuma a watan nan firaminista Enda Kenny ya tsaya a majalisa ya nemi gafararsu. Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai. Ƙungiyar matan cocin da ta ce a duba rajista, ita ce a 1993 ta sayar da wani fili nata a Dablin, aka nemi izinin tono gawa 133 daga maƙabartar gidan wankin, aka tono 155. Wato littafin mace ɗaya ya sha suka ta inda ba ta iya kare shi ba, gidajen wankin kuma ba su wanku ba, takardar da aka ƙaryata ta da ita ma ba kowa ta ƙirga ba.

To amma su can suna da rajistar da za a buɗe. Makarantar allo ba ta da ita. Ba a rubuta ranar da aka kawo yaro, ba a rubuta ranar da ya tafi, kuma 'yan ƙauyen zamanin nan yawanci takardar haihuwarsu ta alƙali ce da aka yi daga baya, wadda ke cewa an haife shi wajen shekara kaza. Abin da ya rage jikin mutum ne da bakin waɗanda ke raye. Na samo mutum biyar da suka zauna makarantar tare da Tela: wani mahauci a nan gari, wani direban babbar mota, wani da shi ma ya zama malami da almajiransa a wani ƙauye wajen Illela, da biyu a Abijan da na samu ta waya. Uwar ɗakin nan mai fura ma tana nan, ta makance amma hankalinta garau. Kowa na same shi shi kaɗai, ban kuma karanta wa kowa littafin ba, sai dai in ce ya ba ni labarin zamanin.

Duka babu wanda ya musa. Inda suka saɓa da Tela, wa ya yi. Duk biyar ɗin sun ce Marigayi tsumagiya yake riƙewa, dukan karatu irin wanda kowa ya sani. Dorina ta shigo ne bayan rasuwarsa, da ƙanensa ya hau buzun. Malamin nan na wajen Illela ya yi dariya ya ce ai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci, sannan ya ɗaga rigarsa ya nuna mini nasa tabon a kafaɗa, dariyar kuma ba ta daɗe ba. Mari mutum uku sun tuna shi. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, ni na riƙa cusa tsumma da man shanu tsakanin ƙarfen da ƙafarsa." Ta ce bai kai wata uku ba, wajen kwana 40 ne, domin kafin sanyi ya yi tsanani an kwance shi. Tabon kuwa na gani da idona a idon sawunsa na hagu, zobe ne cikakke. Da na tambaye ta wa ya kira maƙerin, sai ta ce, "Wanda ke gidan." Ba ta ƙara ba.

Mutuwar yaron ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi ba ni wuya. Yaron ya mutu, kuma a zamanin Marigayi ne. Da bazara ne, wuyansa ya sanƙare, kuma a watan an yi rashin wasu yaran a unguwar da irin wannan ciwon. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san sanƙarau da lokacinsa. An yi masa sutura bayan azahar, liman ya yi masa salla, aka ba wani direba saƙo ranar kasuwa ya kai wa iyayensa, suka zo bayan kwanaki. Babu binnewar dare. Sai dai direban babbar motar nan da ɗaya daga cikin na Abijan, kowa a nasa ɓangaren, sun ce kwana biyu ko uku kafin rasuwar Marigayi ya zane yaron saboda ya kwanta lokacin karatu. Ya ɗauka lalaci ne, alhali zazzaɓin ya riga ya kama shi. Da ya gane, shi da kansa ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi likita. Tela kuwa ba ya gidan ranar jana'izar, an tura su gona ɗebo kara, dawowa ya yi ya tarar babu abokin kwanansa. Dukan yaro marar lafiya laifi ne, kuma na tabbata ya bi Marigayi har kabarinsa. Amma tsakaninsa da kisa da ɓoye gawa akwai tafiya mai nisa.

Maganar ɗakin buhuna, huɗu sun ce ba su sani ba. Na lura kuma cewa 'ya'yan Marigayi, duk zafin da suka yi, ba su taɓa ta ba ko sau ɗaya. Mahaucin, da na kawo ta, sai ya ajiye wuƙa ya daɗe yana goge hannu, sannan ya ce, "Allah ya rufa mana asiri, Malam." Ya koma kan namansa.

Na je shagon Tela da hantsi, lokacin da babu jama'a. Na ce, "Maigida, ka san ba Marigayi ya sa maka mari ba?" Bai daina taka keke ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin. Ya ce, "Na sani." A gaskiya na zo ne da uzurin da na tanadar masa. Yaro ɗan shekara 11 duk wanda ya zauna a kan buzu Malam ne a wurinsa, kuma abin da aka yi wa mutum sau ɗari yakan dunƙule masa ya zama rana ɗaya da fuska ɗaya. Wannan uzurin ya ɗauki kwana 40 da suka zama wata uku. Bai ɗauki sunan ba, tunda shi da bakinsa ya ce ya sani.

Dalilinsa biyu ne. Ƙanen Marigayi yana raye, ya haura 80, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan, kuma matar Tela 'yar ƙanwarsa ce. "In na kama sunansa, ina zan kai uwar 'ya'yana?" Na biyun ban zata ba. Ya ce, "Ubana Marigayi ya ba amana, ba wancan ba. Shi ya mutu ya bar ni a hannunsa." Mutum mai furfura a gemu, har yau yana riƙe da fushin yaro a kan wanda ya mutu bai yi sallama da shi ba. Na tausaya masa, kuma tausayin bai hana ni ganin cewa ya zaɓi wanda ba zai iya amsawa ba. Da na zo kan mutuwar abokinsa sai ya ce shi haka yake ganinta a ransa shekara 40. Na tambaye shi yaushe ya rubuta wannan babin. A nan ne na gane ma'anar jan biron. Littattafai ukun farko ya rubuta su ne a hankali cikin shekaru, tun yana Abijan, ba don kowa ba. Na huɗun an fara shi ne bayan labarin ya shiga Facebook, mutane suna ta tambayar ina ci gaba, ɗan yayar yana zuwa kowace yamma yana cewa, "Kawu, jama'a na jira." Binnewar dare tana cikin jan. Layi biyar na ɗakin buhuna suna cikin shuɗin, a littafi na biyu, kuma takardar wurin ta tsufa kamar sauran.

Mai unguwa ya ɗora sulhun a wuyan wani dattijon malami da ɓangarorin biyu ke girmamawa, na kai masa abin da na tattara. Yadda ya kasa lamarin ya fi duk abin da na karanta a kan Ayalan amfani a gare ni. Ya ce malaman hadisi ba su da kwando biyu kawai, na gaskiya da na ƙarya. Akwai maudu'i, wanda aka ƙaga daga tushe. Akwai maƙlubi, wanda aka sauya sunan wani mai ruwaya da na wani. Akwai mudraji, wanda mai ruwaya ya cusa maganarsa a cikin matani har aka ɗauka asali ce. Kuma sukan bambanta mai gaskiyar da haddarsa ta yi rauni da wanda ya sauya da gangan. Ya ce babin mari maƙlubi ne, kuma da gangan; binnewar dare mudraji ce; kwana 40 raunin hadda ne. Na ce, "To, Malam, ɗakin buhuna fa?" Ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, amma a nan babu wanda ya musa balle a ba shi rantsuwa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce shi ma a tsangaya ya tashi.

An yi zaman a zauren mai unguwa bayan la'asar. Ƙanen Marigayi bai zo ba, an ce ƙafa ke damunsa, kuma babu wanda ya kama sunansa tun daga fatihar buɗewa har ta rufewa, alhali kowa a zauren ya iya lissafi: in ba Marigayi ba ne, kuma an yi marin, to saura wa? 'Ya'yan Marigayi sun wanke mahaifinsu da gaskiyarsu, kuma ina jin sai a zauren nan babbansu ya gane inda takardar gadonsa ke nuni, domin daga tsakiyar zaman bai sake ɗaga kai ba. Aka tsaya a kan cewa za a goge abin da ke Facebook, ba za a kai ƙara ba, Tela kuma zai yi murya ya nemi gafara. Ya yi. A farkon muryar ya ce ya zalunci Marigayi, ba shi ya sa masa mari ba, bai kashe kowa ba, ba a binne kowa da dare ba, yana roƙon iyalinsa su yafe masa. A ƙarshenta ya ce amma marin an sa masa, dorina ta ci bayansa, abin da ya faɗa na dare kuma yana nan a kan bakansa har gaban Allah.

Muryar da ta zagaya gari rabin farkon ce kawai. Wani ya yanke ta, ban san ko wane ne ba, kuma ba na zargin gidan Marigayi, domin babban ɗan ya turo mini cikakkiyar da kansa. Yau in ka tayar da maganar a fada, abin da za a ce maka shi ne, ai telan nan ya fito ya ce ƙarya ya yi. Kafin rigimar wasu tsofaffin almajirai biyu sun fara rubuta nasu a ƙarƙashin labarinsa, ɗaya har ya ambaci irin wannan ɗakin a wata makarantar daban. Duk sun goge. Wannan asarar a wuyan Tela nake ɗora ta, da ɗan yayarsa, da mu da muka riƙa cewa ina ci gaba. Yana da labarin da tabon ƙafarsa kaɗai ya isa shaida, ya je ya ƙara masa gishirin da bai buƙata.

Littattafan huɗu suna nan a akwatina. Tela ya dawo ya ce in cire na jan gaba ɗaya, sauran kuma duk inda sunan Marigayi yake in sa "wani malami". Na jan na yarda. "Wani malami" na ƙi, domin a Tahoua yanzu duk wanda ya karanta haka Marigayi zai gani, mun sake ɗora masa kayan da aka sauke a zauren mai unguwa. In kuwa za a faɗi cewa makarantar ta sauya hannu, an kama sunan mai rai ke nan ko ba a rubuta shi ba, kuma wannan ba na buga shi da bakin mutum ɗaya wanda aka riga aka kama da sauya suna. Ina buƙatar na biyu.

Bayan sallar layya mahaucin ya kira ni da dare, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce gardin nan ya san shi, ɗakin ma ya san shi, kuma ƙanen Marigayi an gaya masa a lokacin, ya ce a bar maganar. Na ce ko zai faɗi haka a gaban dattijon malamin nan, mu uku kawai, ba waya ba takarda. Ya ce yana da 'ya'ya mata da ba a aurar ba. Ya ce, "Malam, ka bari tsohon ya mutu tukuna, sai in faɗa." Na ce masa in ya mutu shi ma ya zama wanda ba zai iya amsawa ba, kuma nasa 'ya'yan za su zo gidana bayan isha'i. Ya ce haka ne. Muka yi sai da safe.